Gautsin ƙashi ya kai ni ga aikin zuciya

A danginmu na wajen uwa karaya gado ce. Kakata da ita ta rayu, Inna ma haka, a cikin 'ya'yanta kuma ni da ƙanwata muka ɗauko. Farin idonmu shuɗi-shuɗi ne, jikinmu ba ya jure bugu, abu kaɗan sai ka ga jini ya taru a ƙarƙashin fata. Ina yaro maɗorin unguwarmu ya fi kowa sanin gaɓoɓina. Sai da na girma wani likitan ƙashi a Kano ya rubuta haruffa biyu a katina, OI, ya ce ciwon gautsin ƙashi ne, kuma ba maita ba ce, ba kuma rashin shan nono ba kamar yadda 'yan uwan Baba suka daɗe suna faɗa.

Tushen ciwon wani sinadari ne da jiki ke saƙawa mai suna kolajin, wanda shi ne zaren da ke riƙe ƙashi. Mafi yawan masu ciwon matsalarsu tana cikin ɗaya daga ƙwayoyin gado biyu, COL1A1 da COL1A2, kuma ana samunsa a wajen mutum 1 cikin 15,000 zuwa 20,000. A 1979 wani likita ɗan Ostireliya, David Sillence, ya kasa shi gida huɗu. Nawa shi ne na farko, mafi sauƙi: jiki na yin kolajin mai kyau amma bai kai yawan da ake buƙata ba. Duk ɗan da mai irin nawa ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsallake. Da na balaga karayar ta ja baya, na yi karatu, na kama koyarwa, na yi aure. Bayan na haura talatin kunnena ya fara nauyi, wanda shi ma cikin ciwon yake, aka haɗa ni da na'urar ji. A iya sanina lissafin ya ƙare ke nan, ƙashi da kunne. Ba wanda ya taɓa ce mini wannan kolajin ɗin dai shi ne a bangon jijiyoyin jini da bawul ɗin zuciya, wato murfin da ke hana jini komawa baya.

Abin ya fara da haki. Ajina a saman bene yake, sai na ga ina tsayawa a tsakiyar matakala ina yi kamar ina duba waya. Da dare in na kwanta ta hagu sai in ji zuciyata tana dukan katifa, har a wuya nake jin bugun. Na ƙara matashi, na sake ƙarawa. An ba ni maganin olsa, an ba ni na asma. Wani matashin likita ne ya auna jinina ya samu 150 a sama, 50 a ƙasa, ya ce wannan tazarar ba ta yi masa ba. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjina ya daɗe, sannan ya tura ni hoton zuciya da ake kira eko.

Likitar zuciyar da ta karanta hoton mace ce mai natsuwa. Ta zana mini a bayan takarda. Babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya zuwa sauran jiki, awota, tana da murfi mai ganye uku a bakinta, wanda ke rufewa bayan kowane bugu don kada jini ya koma. Nawa ba ya rufewa. Gindin jijiyar ya buɗe har santimita 4.9, alhali a babban mutum bai cika kai 4 ba, ganyayyakin sun daina haɗuwa, jini na komawa baya, ɗakin hagu na zuciya yana ta faɗi saboda aiki biyu da yake yi. Ta ce da farko ta zaci ciwon da aka saba gani ne a ƙasar nan, wanda ciwon maƙogwaro na yarinta ke bari a bawul, amma ganyayyakina ba su yi kauri ba, ba su da tabo. Sirara ne, sun saki. Sai ta ɗago ta dube ni sosai.

"Malam, tun yaushe idonka yake haka?"

Na ce tun haihuwa, Likita. Ta ajiye biro ta ce to ai shi ke nan, ƙashin da zuciyar labarinsu ɗaya. Ta gaya mini cewa a Denmak, inda ake da rajistar lafiyar kowa da kowa, an bi masu wannan ciwo a wani bincike da ya fito a 2016, aka ga yoyon bawul da gazawar zuciya sun fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a. Tsagewar bangon awota ba ta cika faruwa ba, amma tana faruwa, kuma in ta faru sau da yawa ba a kai ga asibiti. Magani zai rage mini haki, ba zai ɗinke bawul ba. Tun da alamomi sun bayyana kuma zuciya ta fara faɗi, aiki ya wajaba.

Ana buɗe ƙirji a yi aikin zuciya a Najeriya, tun 1974 aka fara a Enugu, kuma akwai likitocinmu da suka iya. Damuwarta ba hannun mai aikin ba ce. Ta ce mai gautsin ƙashi yana iya zubar da jini fiye da yadda gwaji ya nuna, don haka tana so a yi mini a inda in an nemi filatilet, wato ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, da ƙarfe biyun dare za a same su nan take ba tare da an tura dangi yawon neman masu bayarwa ba. Muka tura takarduna asibitoci a Indiya. Yadda na zaɓa shi ne abin da nake ganin ya fi komai amfani a wannan tafiya. Wasu sun amso da sauri, da farashi a jere da hoton ɗaki mai kyau, ba su ko ambaci OI ba. Wani asibiti a Chennai kuwa tambayoyi ya turo: yaushe na yi karaya ta ƙarshe, bayana ya lanƙwashe ko a'a, na taɓa zubar da jini bayan cire haƙori, wane maganin ƙashi ake ba ni. Su na zaɓa, duk da sun fi tsada.

Kuɗin kuwa da dala aka yanka shi, kuma ya faɗo a mummunan lokaci. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700, a farkon 2024 ta wuce 1,400. Abin da muka tara jiya sai ya zama bai kai ba yau. An sayar da filin gadonmu, abokan aiki sun yi karo-karo, wani tsohon ɗalibina ya cike sauran. Biza ta jinya da ta ɗan rakiya, da katin rigakafin shawara da Indiya ke nema ga wanda ya fito daga Najeriya, duk Yayana ne ya yi zirga-zirgarsu a Abuja.

Kafin tafiya aka hana ni dikulofenak da ibufurofen, waɗanda na daɗe ina sha saboda ciwon baya, don suna rage wa filatilet ƙarfi. Aka kuma tura ni likitan haƙori, domin ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori na iya bin jini ta zauna a kan sabon bawul. A nan ma OI ya sa baki. Ana yi mini ƙarin ruwan maganin ƙarfafa ƙashi mai suna zoledironet, kuma mai shan irinsa in an cire masa haƙori ƙashin muƙamuƙi na iya ƙin warkewa. Sai aka cike haƙorin maimakon a cire.

A Chennai gwaje-gwajen sun wuce na zuciya. An ɗauki hoton jijiyoyin wuya da na ƙwaƙwalwa da siti sikan, a ga ko akwai wata da ta kumbura, ba a samu ba. An ɗauki hoton mahaɗar kai da wuya, saboda a wasu masu ciwon ƙashin wuya na nutsewa cikin gindin ƙoƙon kai, in aka karkata kan mutum yana cikin barci sai a yi ɓarna. An auna huhu. Gwajin daskarewar jini ya fito lafiya ƙalau, na yi murna, likitar jinin ta ce kada in yi saurin murna. Ruwan jini gwajin yake aunawa, alhali matsalar tawa tana cikin bangon ƙananan jijiyoyi, kuma filatilet kan kolajin yake mannewa kafin ya toshe rauni. Ta sa aka tanadi jini da filatilet fiye da yadda ake tanada wa irin wannan aiki.

Zancen da ya fi ɗaukar lokaci shi ne wane bawul za a sa. Na ƙarfe ba ya tsufa, kuma ga mutum mai shekara arba'in da 'yan kai kusan shi ake fara kawowa. Sharaɗinsa shan wafarin har ƙarshen rai, maganin da ke tsinka jini, tare da gwaji a kai a kai. Likitan tiyatar ya ce in yi tunanin ranar da zan zame a banɗaki in karya cinya, ko in bugu a kai, jinina a tsinke, jijiyoyina kuma dama ba ƙwari. Na biyu shi ne bawul na naman dabba, wanda ba ya buƙatar wafarin na dindindin, amma yana lalacewa, galibi tsakanin shekara 10 zuwa 20, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin mai ƙarancin shekaru. Ma'ana za a sake komawa. Ya ce in da shi ne zai ɗauki na dabba. Na kwana ina juya abin. Wanda ya taso yana lissafin kowace matakala ya san faɗuwa ba ta sallama, na ɗauki na dabba.

Sai Yaya ya yi tambayar da ke cina ban furta ba: wace dabba? Likitan ya yi murmushi, da alama ya saba jin ta. Akwai na alade, akwai wanda ake ɗinkawa da tantanin da ke lulluɓe da zuciyar saniya. Muka ce na saniya. Bai tsaya nan ba, ya ce gara mu sani tun yanzu cewa hefarin, maganin da ke hana jini daskarewa a cikin injin da zai riƙe aikin zuciya da huhu yayin tiyata, mafi yawansa daga hanjin alade ake samo shi, kuma kusan ba a kunna injin sai da shi. Na kira malaminmu a Kano. Ya ce inda akwai zaɓi a ɗauki mai tsarki, inda babu kuma larura ta halatta, kada in sa wa kaina waswasi. Na ji daɗin likitan da ya faɗa da bakinsa, bai bari mun tsinta daga baya ba.

Mai ba da maganin barci ta fi kowa daɗewa a kaina. Ta sa na buɗe baki, ta taɓa haƙora ɗaya bayan ɗaya, ta sa na ɗaga kai na sunkuyar. Ta ce za ta zura bututun numfashi da na'ura mai kyamara don kada ta karkata wuyana ko ta danna haƙori. Akwai wata allurar sassauta jiki da ke sa tsoka ta yi fizga kafin ta saki, ta ce ba za ta yi amfani da ita ba, don fizgar kaɗai na iya tsaga ƙashi. Maimakon abin awon jini da ke matse dantse da kansa kowane 'yan mintuna, za ta sa siririn bututu a jijiyar wuyan hannu. Za ta kuma sa ido kan zafin jiki, don wasu masu OI jikinsu na ɗaukar zafi a ƙarƙashin maganin barci. Abu na ƙarshe da ta nema shi ne in hau gadon tiyata da ƙafata, in gyara kwanciyata ina farke, a cusa matasai inda na ce, kafin ta sa ni barci. Ta ce ba ta son a ɗaga ni ko a juya ni a lokacin da ba zan iya cewa wayyo ba.

Aikin da aka yi mini sunan Hugh Bentall yake ɗauke da shi, likitan da ya fara bayyana shi a Landan a 1968 tare da Antony De Bono. Ana yanke bawul ɗin da gindin awota gaba ɗaya, a sa bututun yadin Dacron mai ɗauke da sabon bawul, sannan a huda shi gefe biyu a dasa bakin jijiyoyin nan biyu da ke shayar da ita kanta zuciyar. Likitan ya ce wajen dashen nan ne hankalinsa ya fi tashi. Ya kwatanta mini da ɗinki a tsohon yadin da ya sha wanki, zare ya fi yadin ƙarfi, in ka ja sai ya keta. Don haka kowane ɗinki zai bi ta kan ɗan gutsuren Teflon da zai raba nauyin, ya kuma yi su kusa da kusa. Ya faɗa mini a fili cewa haɗarina ya fi na wanda ba shi da OI, ta fuskar zubar jini da kuma yiwuwar ɗinki ya saki daga baya. Na sa hannu, Yaya ya sa.

Abin da ya biyo baya daga bakin Yaya na ji. Aikin ya wuce lokacin da aka ɗiba, mafi yawan ƙarin ya tafi ne wajen tsayar da jini, ba daga wuri ɗaya ba, tsattsafa yake ta ko'ina. An ba ni maganin tsayar da jini mai suna tiranezamik asid tun farko, aka ƙara da wani mai suna desmofiresin, da filatilet. An fito da ni, cikin dare bututun ƙirjina ya ci gaba da cika, aka kira Yaya ya sake sa hannu aka mayar da ni. Wata 'yar jijiya ce a bayan ƙashin ƙirji, inda waya ta ratsa. Ya ce ya zauna a baranda da carbi, wani ɗan Bangaladash da matarsa ke ciki ya kawo masa shayi, ba mai jin yaren wani.

Ƙashin ƙirjin shi ma sai da aka yi masa dabara. A kan rufe shi da wayoyin ƙarfe, amma a ƙashi mai laushi waya na iya yanka shi ta fita. Sai aka saƙa ƙarin waya a tsaye a kowane gefe, waɗanda ke kewayowa suka zauna a kanta. Haƙarƙari ɗaya ya tsage lokacin da aka buɗa ƙirjin, duk da a hankali aka buɗa. Gaskiya zafinsa ya dame ni fiye da na yankan.

A ɗakin kulawa ta musamman abin da ya fi wahalar da ni ba wanda ya hango shi. An cire mini na'urar ji kafin tiyata, kowa kuma da takunkumi a fuska, ba na ji, ba na ganin leɓe. Nas na magana ina kallonta, ta ɗauka maganin barci ne bai sake ni ba. Da aka bar Yaya ya shigo ya gane nan take, ya je ya ɗauko na'urar. Shi ne kuma ya nemi a manna takarda a kan gadona da manyan haruffa cewa ƙashina na da gautsi, kada a ja ni ta hannu, kada a bubbuga mini baya. Ta yi amfani, domin ma'aikata na canjawa safe da dare, kuma likitan motsa jiki da ya zo fitar mini da majina hannunsa ya saba da bubbugawa. Ya karanta, ya koma koya mini tari da matashi rungume a ƙirji, da busa wata 'yar na'ura mai ƙwallaye. Likitocin da suka tsara aikin sun san komai game da ni. Wanda zai juya ka da asuba ya canja zanen gado ba lallai ya buɗe fayil ba, shi ya sa na daina jin kunyar cewa "a hankali, ƙashina" ga duk wanda ya matso.

An ce kada in dogara da hannu wajen tashi, kada in ɗauki abin da ya fi butar alwala, kuma wa'adin da ake ba sauran mutane, mako 6 zuwa 8, ni an tsawaita mini. Salla a zaune na yi ta yi, da nuni. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa mun riga mun dawo Kano da daɗewa. Hakin kuwa tun muna masauki a Chennai na lura ya tafi, na kwanta da matashi ɗaya na yi barci har Yaya ya tashe ni.

Na dawo da dokoki. Asfirin ƙarami, da maganin da ke riƙe hawan jini a ƙasa don kada sauran awotar da ba a canja ba ta ci gaba da buɗewa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin duk wani aikin haƙori. Zazzaɓin da ya ƙi sauka ba a kai shi kemis, asibiti ake zuwa a ɗebi jini a duba ko cuta ta kama bawul. Akwai kuma wadda ban taɓa zato ba: maganin kashe ƙwayoyin cutar nan, sifro, da danginsa. A Disambar 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan rukuni na ƙara haɗarin kumburi da tsagewar awota ga masu raunin jijiya. A garinmu kuwa duk wanda kansa ya yi ciwo kwana biyu an ce taifot ne, an miƙo masa sifro ba takardar likita. Ni kaina ban san adadin da na sha a baya ba. Yanzu rubuce yake a katin da ke aljihuna.

Ƙanwata ta je an yi mata eko, an ga ɗan yoyo a wani bawul ɗin daban, na tsakanin ɗakunan hagu, wanda bai kai a taɓa ba, sai dai a riƙa dubawa. 'Yata ta biyu, wadda ta ɗauko idona, nata ya fito lafiya, an ce a maimaita in ta girma.

Ni kuma duk shekara za a duba abu uku: ko ɗinkin ya fara yoyo ta gefe, faɗin awotar daga inda Dacron ya ƙare, da yadda ganyen bawul ɗin ke motsi. Likitan ya sa mafi girman bawul da gurbin zai ɗauka, da niyyar in ya tsufa a iya zura wani a cikinsa ta jijiyar cinya ba tare da an sake tsaga ƙirji ba. Ya ce ko wannan sai an auna jijiyar cinyar an ga za ta jure bututun. Ya rubuta wa likitan da zai yi aikin na gaba wasiƙa mai shafi biyu, da bayanin inda nama ya fi rauni da yadda aka saƙa wayoyin. Na ba likitata ta Kano kwafi, na ajiye ɗaya a wajen Yaya, kuma na buɗe asusu daban da nake zuba wani abu duk wata saboda wannan aikin.